Harsashi Nawa Ne A Gidanki? Lissafin Uwa Idan Maigida Mai Harbin Nishaɗi Ne

 Na san da ganin kan maganar nan za ki ce wannan ai zancen maza ne, ki nufi shafin girke-girke. Ki ɗan dakata. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na ciro harsashi daga bakin ɗana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, muna zaune a jihar Michigan ta ƙasar Amurka da maigidana da 'ya'yanmu uku. Wata Asabar da hantsi na sauko daga aikin dare, idanuna kamar an zuba musu yashi, na zauna a falo ina ninke wanki. Autana, wanda a lokacin bai cika shekara biyu ba, yana gefen kwandon kayan ya yi tsit. Ke ma kin san shirun yaro ba na banza ba ne. Da na duba sai na ga kumatunsa ya ɗan kumbura yana tsotson wani abu. Na durƙusa a hankali don kada ya firgita ya haɗiye, na tara hannu na ce, "Tofo wa Mama." Abin da ya faɗo a tafin hannuna ɗan ƙaramin harsashi ne, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, jikinsa na walƙiya kamar zinare, kansa kuma toka-toka. Daga aljihun wandon babansa ya faɗo.

Da maigida ya dawo ban yi hayaniya ba. Na ajiye masa shi a kan faranti kusa da abincinsa, na ce, "Yallaɓai, irin wannan guda nawa ne a gidan nan?"

Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Suna da ɗan yawa, amma ai bindigar tana kulle."

Na ce, "Na san tana kulle. Guda nawa ne?"

Bai sani ba. Mutumin da ya san kuɗin wutar gidanmu na kowane wata har da 'yan canji, bai san adadin harsasan da ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da 'ya'yansa ba. Wannan rashin sanin shi ya sa na zauna na rubuta miki wannan.

Wane ne mai harbin nishaɗi?

Ga wadda ta tashi a Kano ko Maradi, kalmar bindiga ba ta zuwa tare da nishaɗi. Muna jin ta ne a labarin 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, sai kuwa 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah. A Amurka da ƙasashen Turai da dama kuwa, harbi wasa ne kamar ƙwallo. Yana cikin wasannin Olamfik tun farkonsu a 1896. Mutum ya sayi doguwar bindiga, ya yi rajista da kulob, ranar hutu ya je filin harbi ya kafa takarda mai zane-zanen da'ira a nisan mita 50 ko 100, ya yi ta gwada saitinsa. Wasu kuma farauta ce ta kai su. A nan Michigan, ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga kowace shekara, kuma a wasu garuruwan ranar kamar ta biki take.

Maigidana abokan aikinsa ne suka ja shi. Da farko rakiya yake yi, daga baya ya sayi tasa ta hanyar da doka ta tsara. Tana cin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22, wanda shi ne mafi araha kuma da shi yawancin masu koyo suke farawa. Bayan shekara guda ya ƙara da ta farauta mai babban harsashi. Kada ƙanƙantar .22 ta ruɗe ki. Yana kisa, kuma a jikin kwalinsa ma an rubuta gargaɗin cewa yana iya yin illa a nisan da ya wuce kilomita ɗaya da rabi.

Me ya sa suke tarawa?

Adalci shi ne in faɗa miki hujjarsu, don ba hauka ne ke sa su jibge kwalaye ba.

Na farko, sari ya fi araha. Ƙaramin harsashi ana sayar da shi a kwali mai guda 50, ko babban ƙunshi mai 500. Na manyan bindigogi yawanci kwali mai 20 ne, ko katan mai 1,000. Kamar dai yadda buhun shinkafa ya fi awon mudu sauƙi, haka nan ma.

Na biyu, sun taɓa shan wuyar rashi. Sau uku cikin 'yan shekarun nan harsashi ya yi ɓatan dabo a kantunan Amurka: bayan zaɓen 2008, sai bayan harbin makarantar Sandy Hook a Disambar 2012 lokacin da mutane suka yi tsammanin za a tsaurara doka, sai kuma a 2020 zamanin korona. A kowane karo tsoron ƙarewa ne ya sa kowa ya ruga saye, rububin sayen kuma ya jawo ƙarewar da ake tsoro. Ke da kika ga layin mai a gida kin san wannan halin. Wanda ya taɓa yin wata da watanni yana zagaya kantuna bai samu ba, duk ranar da ya gani sai ya ɗauka, ko yana da shi a gida.

Na uku, masu shiga gasa suna son harsasan da aka ƙera a zubi ɗaya, saboda ɗan bambancin da ke tsakanin zubi da zubi yana iya karkatar da saiti. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ta ɗan gasa ce. Mai zuwa fili jefi-jefi ba zai ma lura da bambancin ba.

Duk waɗannan dalilai na aljihu ne da na wasa. Babu ɗaya a cikinsu da ya yi lissafi da yaro mai rarrafe ko saurayi mai tashen balaga. Wannan ɓangaren lissafin mu ne za mu kawo shi teburin.

Daren da muka ƙirga

Bayan yara sun yi barci muka fito da komai. Wasu suna cikin akwatin ƙarfe, wasu a jakar da yake zuwa fili da ita, kwali biyu a aljihun mota, wasu a saman durowar gareji, 'yan tsiraru kuma a aljihun rigar sanyinsa. Muka zauna a ƙasa muna lissafi. Ƙanana 2,900, na farauta 240. Jimla 3,140.

Sai na tambaye shi sau nawa yake zuwa fili. Ya ce sau biyu a wata. Muka buɗe wayarsa muka duba rasit ɗin kuɗin shiga, sai ga shi sau 11 kacal ya je a shekarar da ta gabata. Kowane zuwa yana harba kamar 150. Wato 1,650 a shekara, kusan 140 a wata. Abin da ke gidan zai kai shi wata 21 ko da bai ƙara sayen ko ɗaya ba. Na farauta kuwa, tsakanin gyaran saiti kafin lokaci da abin da yake harbawa a daji, kwali ɗaya mai 20 yake ƙararwa a shekara. Ashe ajiyar shekara 12 muke kwana da ita.

Shi kansa sai da ya yi dariya. Ga hanyar da muka bi, kuma ita nake ba ki shawara ki bi:

Ki fara da abin da yake harbawa a zahiri, wanda rasit ko littafin kulob ya nuna. Abin da baki ya faɗa yakan ninka gaskiya.

Ki ninka na wata ɗaya sau uku. Ajiyar wata uku ta ishi mai nishaɗi ya tsallake ɗan ƙarancin kasuwa ba tare da ya mayar da gida rumbu ba. Wanda yake nesa da kanti ko yake shirin gasa zai iya kaiwa wata shida.

Na farauta a lissafa shi da kaka, kwali ɗaya na amfani, ɗaya na ko-ta-kwana.

Sai sharaɗi na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi: duk abin da lissafi ya bayar, dole ya shige cikin akwati ɗaya mai kulle, murfin ya rufu. Abin da ya yi saura a waje ya yi yawa, ko guda biyar ne.

A gidanmu lissafin ya tsaya a kan ƙanana 500 da na farauta 40. Rarar ya sayar wa abokan harbinsa yadda dokar jiharmu ta yarda. Ba ya sayen sabon ƙunshi sai na akwatin ya sauko ƙasa da 100.

Abin da hukumomi suka ce

Kada ki ji kamar ke kaɗai ce mai tsaurin ra'ayi. Ƙasashe da yawa sun riga ki yin wannan tunanin.

A Ingila, takardar izinin mallakar doguwar bindiga tana ɗauke da adadin harsashin da aka yarda mutum ya riƙe, kuma 'yan sanda ne suke yanke shi gwargwadon buƙatar da ya nuna. A Afirka ta Kudu, dokar makamai ta shekarar 2000 ta tsayar da 200 ga kowace bindiga mai lasisi, sai dai wanda aka yi wa rajista a matsayin cikakken maharbi ko ɗan gasa. Suwizalan kuwa, inda sojojin ko-ta-kwana suke ajiye bindigoginsu a gida, a da ana ba kowannensu gwangwani rufaffe mai harsashi 50 ya tafi da shi. A 2007 aka daina, aka kuma karɓe na hannunsu. Bindiga tana gida, harsashi yana ma'ajiyar soja.

Amurka ce ta sha bamban. Dokar tarayya ba ta sa iyaka a kan adadi ba. Abin da ta ce shi ne dillali ba zai sayar da harsashin doguwar bindiga ga wanda bai kai shekara 18 ba, na ƙaramar bindigar hannu kuma sai 21. Wasu jihohi da garuruwa suna da ƙarin ƙa'idoji, har da na hukumar kashe gobara, don haka ki sa maigida ya bincika na inda kuke. Amma a mafi yawan wurare, iyakar da za a samu ita ce wadda aka sa a cikin gida.

Abin da idon nas yake gani

A shekarar 2020, harbin bindiga ya zarce haɗarin mota ya zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ne suka nuna haka. Mu da muke aiki a asibiti ba a takarda muke ganin abin ba.

Iyaye da yawa suna cewa, "Ai yarana ba su san inda nake ɓoyewa ba." An gwada wannan maganar. A wani bincike da aka buga a 2006, an tambayi iyaye da 'ya'yansu daban-daban a karkarar jihar Alabama. Cikin iyayen da suka ce yaransu ba su san ma'ajiyar bindiga ba, kusan biyu cikin biyar 'ya'yan nasu sun ƙaryata su. Yaron da ya gano inda kika ɓoye alawar Sallah, saman durowa ba zai gagare shi ba. Likitocin yara kuma suna gargaɗin cewa ɗan shekara uku ma yana iya samun ƙarfin danna kunamar wasu bindigogin.

Shi ya sa shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka take da rassa: a cire harsashi daga bindiga, a kulle bindigar, a kulle harsashin, kuma a raba musu wuri. Wani bincike da ya fito a mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar a 2005 ya nuna kowane ɗaya daga cikin matakan nan huɗu yana rage haɗarin yaro ya harbi kansa ko waninsa. Ki lura, biyu daga cikin huɗun a kan harsashi suke. Maganar "ai bindigar tana kulle" rabin aiki ce.

A nan ne yawa yake shigowa. Idan akwati yana ɗauke da ƙunshi guda da aka san adadinsa, ran da biyar suka ɓace za a gane. Idan kuwa dubbai ne a warwatse a wuri biyar, yaro zai iya ɗiban cikin hannu ya kai makaranta don ya burge abokai, shekara ta zagayo ba wanda ya lura.

Akwai kuma maganar da ba mu son yi. Fiye da rabin mutanen da bindiga take kashewa a Amurka kowace shekara, su ne suka kashe kansu. Ƙuncin da ke kai matashi ga wannan tunani sau da yawa na ɗan lokaci ne, faɗa da aboki, faɗuwa jarrabawa, wulaƙanci a intanet. Idan abin da ya samu a hannu a wannan sa'ar bai kashe shi ba, yawanci yana rayuwa ya wuce wurin. Bindiga ba ta ba da wannan damar, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Duk minti ɗaya da kwado da makulli suka ci masa, riba ce. Idan kin ga ɗanki ko 'yarki ko shi kansa maigidan ya shiga damuwa mai tsanani, adadin da ya dace a wannan lokacin sifili ne. A fitar da komai daga gidan ta hanyar da doka ta yarda har sai an ga sauƙi, a kuma nemi likita.

Mu a Michigan mun ga ƙarshen sakaci. A Nuwambar 2021 wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar sakandaren garin Oxford da bindigar da mahaifinsa ya saya kwanaki kaɗan kafin nan. A 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban shekara 10 zuwa 15 kowannensu. Tun Fabrairun 2024 kuma doka ta wajabta kulle bindiga a duk gidan da ake sa ran yaro zai shiga. Uwa ma an tambaye ta a gaban alƙali, ba a ce zancen maza ba ne.

Gubar da ba ta ƙara

Kan harsashin nan mai launin toka da ɗana yake tsotsa dalma ce. Kowane ƙaramin harsashi yana ɗauke da kamar giram biyu da rabi. Da na lissafa 2,900 ɗin nan, sai na ga kilo bakwai da kwata na dalma muke ajiye da shi. Sinadarin da ke kunna harsashi ma yawanci akwai dalma a cikinsa. Duk harbi ɗaya yana tayar da ƙura mai laushi da ido ba ya gani, ta sauka a hannu, da gashi, da riga, da takalmi, da kujerar mota. Baba ya dawo gida, yara su ruga su rungume shi.

Mu 'yan Arewa ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara kusan 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Na harsashi bai kai wannan yawan ba, amma hanyar ɗaya ce: sana'a ko sha'awar babba ta biyo shi gida, ta sauka a ƙasan da yaro yake rarrafe yana kai hannu baki. Babu wani adadin dalma da aka sani marar illa ga yaro. Kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta da natsuwa, kuma yawanci ba zazzaɓi ba kuka, sai an auna jini ake ganewa. Tun 2021, hukumar lafiya ta Amurka ta sa maikirogiram 3.5 a kowace desilita ta jini a matsayin inda za a fara bincike. Mai juna biyu ma abin ya shafe ta, domin dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri.

Ranar Litinin na kai autana aka ɗebi jininsa. Kwana uku na yi ina duba waya. Alhamdulillahi sakamakon ya fito ƙasa da wancan adadin. Daga ranar muka kafa ƙa'ida: akwai takalmi da rigar fili na musamman, a gareji ake tuɓe su, ana wanke su su kaɗai. Ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya bar filin, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Ba a goge bindiga a teburin cin abinci. Kwanson da aka riga aka harba ba abin wasan yara ba ne, komai kyan walƙiyarsa. In kuwa yaro ya haɗiye harsashi ko dalmar kansa, kada ki sa shi amai, kada ki jira ya fita da kansa. Ki kai shi asibiti nan take a ɗauki hoton ciki.

Yadda ake ajiyar

Harsashi ba tumatir ba ne. Idan yana wuri mai sanyi marar danshi yakan yi shekaru da dama bai lalace ba. Abin da ke ɓata shi zafi ne da laima da mai. Saboda haka mota ba ma'ajiya ba ce, balle ga haɗarin sata. Kusa da murhu ko injin ɗumama ɗaki ma haka.

A samu akwatin ƙarfe mai kulle, dabam da na bindiga, kuma makullin ɗaya kada ya buɗe ɗaya. A bar harsasan cikin kwalayensu na asali don kada a gauraya iri da iri, domin sa wa bindiga harsashin da ba nata ba yana iya fasa ta a hannun mai ita. A jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. A rubuta ranar saye a jikin kowane kwali, a fara amfani da tsoho. A manna takarda a cikin murfin: ranar kaza an ɗauki kaza, an dawo da kaza, saura kaza. Mu a asibiti haka muke yi da magunguna masu haɗari, duk canjin aiki nas biyu ne suke ƙirgawa su sa hannu. Ban ga dalilin da zai sa harsashi ya fi su samun sassauci ba. A gidanmu farkon kowane wata muke ƙirgawa tare, minti biyar ya isa. Kuma kafin ya shigo daga fili, sai ya zazzage aljihu da jaka.

Game da gobara, gwaje-gwajen da masu ƙera harsashi suka yi don koyar da 'yan kwana-kwana sun nuna harsashin da ke cikin kwali yana fashewa ne ɗaya bayan ɗaya, ba ya tashi gaba ɗaya kamar bam, kuma ba ya fita da ƙarfin da yake fita daga bakin bindiga. Amma wanda aka bari a cikin bindiga, in wuta ta kai gare shi, zai fita kamar an harba. Idan gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ki gaya wa masu kashe ta abin da ke ciki da inda yake. Wanda ya yi tsatsa ko ya jiƙe kuma ba a jefa shi a shara ko a wuta. A kira 'yan sanda ko filin harbi a tambayi yadda za a miƙa shi.

To mu da muke gida fa?

Na san yawancin masu karanta wannan ba a Amurka suke ba. A Najeriya lissafin ya fara ne daga doka. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: irin na soja da ƙananan bindigogin hannu sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta irin mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Riƙe harsashi ba tare da lasisin bindigar da ke cin sa ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. Idan babu takarda, amsar tambayarmu babu ko ɗaya. Kada ki yarda wani ya kawo miki ƙunshi ya ce ki ajiye masa a ƙarƙashin gado, ko ɗan uwanki ne.

Amma akwai gidajen mafarauta, da na 'yan sintiri, da na jami'an tsaro, kuma akwai mata da yara a cikinsu. Duk abin da na faɗa a sama ya shafe su, da ƙari ɗaya. Albarushin da ake ɗura wa bindigar toka ya fi harsashin kanti saurin kamawa nesa ba kusa ba. Tartsatsi ɗaya daga murhu, ko maganin sauro mai hayaƙi, ko guntun taba, ya isa ya tashe shi gaba ɗaya. Ba a ajiye shi a ɗakin da ake kwana ko ake girki, ba a zuba shi a gwangwanin madara ko robar da yaro zai ɗauka ta abinci ce, kuma ba a tara fiye da na fita ɗaya ko biyu. Gidan da aka san ana tara irin waɗannan kaya kuma, ɓarayi sun fi sha'awarsa.

Yadda za ki tayar da maganar

Kada ki bari sai ranki ya ɓaci. Ni na ci sa'a da na yi shiru na awa biyar kafin ya dawo, da a lokacin na same shi da ba a yi lissafi ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara ba sa kusa. Kada ki fara da "ka rabu da bindigar nan", domin daga nan zai toshe kunne. Ki fara da tambaya: guda nawa ne, a ina suke, wa ya san inda makulli yake? Ki ce ku ƙirga tare. Yawancin masu wannan wasa mutane ne masu alfahari da bin ƙa'ida, in kika shigo ta wannan ƙofar za ki same shi. Nawa maigidan yanzu shi ne yake tuna min ranar ƙirga.

Haka nan idan yaranki za su je wasa ko kwana gidan ƙawa, musamman ke da kike zaune a ƙasar waje, ki tambaya kamar yadda za ki tambayi ko suna da kare: akwai bindiga a gidan, kuma tana kulle dabam da harsashinta? Da kunya a karon farko, amma kunyar minti ɗaya ce. Su kuma yaran a koya musu: in kun ga bindiga ko harsashi, kada ku taɓa, ku bar wurin, ku gaya wa babba. Sai dai kada ki dogara da wannan kaɗai. Yaro yaro ne, kwado ya fi shi riƙe alƙawari.

Harsashin da na ciro daga bakin autana yana nan a cikin akwatin, a wata 'yar leda shi kaɗai. Maigida ya ce ba zai harba shi ba. Duk wata in mun buɗe, da shi muke fara ƙirga.

'Yar uwa, ke fa? Idan akwai maharbi ko mafarauci a gidanku, kin san adadin abin da yake ajiye da shi da kuma inda yake? Wadda ta taɓa yin wannan magana da maigidanta ta gaya mana yadda ta ɓullo masa a sashen sharhi, wata za ta ƙaru. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mana su.